Dihe da ɗan aiken da ke cikin ganye: tarihin wani ƙarfe da ido ba ya gani

Wanda ya saurari filinmu na tarihi na wannan mako, da wanda nisan daji ko mutuwar batir ta hana shi ji, ga abin da muka tattauna a rubuce. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Malam ɗan kasuwa, in fataucin kanwa ko na busasshen kifi ya taɓa kai ka kasuwannin Cadi na wajen Kanem, irin su Mao da Masakori, to da wuya a ce ba ka gan shi ba. Mata ne ke kasa shi a faifai, ɓalli-ɓalli kamar tsingaro, launinsa kore mai duhu. Kanembu suna ce masa dihe. Baƙo yakan wuce shi bai ko taya ba. To, a cikin irin wannan abu ne masana suka fara ganin siffar wani ɗan mitsitsin furotin mai ɗauke da ƙarfe, wanda in babu shi ciyawa ba ta tsiro, gero ba ya ido, saniya ba ta nono. Labarin yadda aka kai ga ganinsa shi ne tarihinmu na yau, kuma zai ɗauke mu daga Kanem zuwa Faransa, da Ingila, da Amurka, har Japan, sannan mu dawo gida.

Matan Kanem sun riga kowa

A gabas da arewa maso gabashin Tafkin Cadi akwai ƙananan tafkuna a tsakanin tuddan rairayi. Ruwansu na kanwa ne, ɗan Adam ba ya iya shan sa, yawancin tsirran ruwa ma ba sa rayuwa a ciki. Amma akwai wata irin gansakuka da wannan ruwa ya karɓa. In ta yi yawa sai ta taso sama, iska ta kora ta bakin gaɓa, ta yi kauri kamar kunu. Da safe mata su shiga su kwalfe ta cikin mazubi, su yi ɗan faffaɗan rami a rairayi mai tsabta, su juye. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran, sai a yayyanka a kai kasuwa. A gida kuma a daka a kaɗa miya da shi, a ci da tuwon gero.

Wannan sana'a gado ce, uwa ta koya wa ɗiya tun kaka da kakanni. Ba su kaɗai ba ne a duniya. Lokacin da Sifaniyawa suka shiga ƙasar Mekziko wajen 1520, sun tarar mutanen Aztek suna kwalfar irin wannan abu daga Tafkin Texcoco suna sayarwa a kasuwa. Can dai sana'ar ta mutu bayan an janye ruwan tafkin. A Kanem kuwa ba ta yanke ba har yau.

Labarin dihe ya shiga littattafan Turawa a 1940, sa'ad da wani masanin tsirran ruwa a birnin Bordo na Faransa, Pierre Dangeard, ya duba wani ɓalli da aka aika masa daga Cadi. Ya sa shi a madubin ƙara girma, ya ga ashe tarin zare ne siriri, kowane a murɗe kamar waya da aka naɗa a jikin kara. Ya rubuta rahoto, amma shekarar yaƙi ce, Jamus ta mamaye Faransa, ba wanda ya waiwayi zancen miyar Kanem. Sai a tsakanin 1964 da 1965 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, da ke cikin wata tawaga mai ratsa Sahara, ya ga ɓallin a kasuwar Fort Lami, wato Njamena ta yau. Shi da abokin aikinsa Pierre Compère suka tabbatar da sunanta na kimiyya, Spirulina platensis. Da aka auna, aka ga fiye da rabin nauyin busasshen abin furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Daga nan fa duniya ta farka, aka shiga noma ta a manyan kwatamai a ƙasashe daban-daban, har samun ta da yawa ya zama abu mai sauƙi ga masu bincike. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wane ne ke karɓar kayan?

Yanzu bari mu bar kasuwa mu shiga cikin ganye. Malam makiyayi, ka fi kowa sanin cewa ciyawar da ke ƙarƙashin inuwa mai duhu ba ta ƙiba. Tsiro da hasken rana yake dafa abincinsa. Yana jan ruwa daga ƙasa, ya shaƙi wata iska daga sama, ya haɗa su su zama sukari. Gansakukar dihe ma haka take yi. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda ƙarfin hasken ke tafiya daga inda ya sauka zuwa inda ake girkin.

Ga amsar a taƙaice. Haske in ya bugi koren ganye, yana fizgo wasu ƴan ƙwayoyin lantarki daga cikin ruwa, waɗanda ake kira ilektoron. Irinsu ne ke gudu a wayar fitilarka mai aiki da hasken rana. Sai dai a ganye babu waya. Miƙa su ake yi hannu da hannu, kamar yadda ƴan dako ke jeruwa su sauke kaya daga mota, wannan ya miƙa wa wancan har kaya su shiga sito.

A 1937, a Kembirij ta Ingila, Robert Hill ya murƙushe ganye ya ware ƴan korayen ƙwayoyin da ke ciki. Ya haska su, ba su yi wani abin kirki ba. Da ya zuba musu wani gishiri mai ƙarfe a ciki, ya sake haskawa, sai suka shiga fitar da iskar da muke shaƙa. Ma'ana, aikin ba ya tafiya sai da mai karɓar kaya a ƙarshen layi. Hill ya ba su ɗan haya, sun yi aiki. To, wane ne ɗan gida da ke wannan aiki a cikin ganye mai rai?

An yi shekaru ana nema. A shekarun 1950 ƙungiyoyin masana daban-daban sun ci karo da wani abu ja-ja mai ruwan ƙasa a cikin ganye, kowa ya raɗa masa nasa suna, kamar yadda sa guda kan sami suna uku in ya ratsa kasuwa uku. Sai a 1962 wasu masana uku a Amurka, Mortenson da Valentine da Carnahan, suka ciro wani ƙaramin furotin mai ƙarfe daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, suka sa masa suna feredoksin. Wanda ya yi lakwal zai ji kalmar faransanci ta ƙarfe a farkon sunan. A wannan shekara dai, a Kalifoniya, Kunio Tagawa da Daniel Arnon suka nuna cewa ganyen alayyafon Turawa yana da nasa feredoksin, kuma shi ne abin nan mai sunaye barkatai. An gano ɗan aike.

Ɗan aike ne kuwa mai gidaje da yawa. Yana karɓar ilektoron ɗaya tak a kowace tafiya. Wani zubin ya kai wa masu haɗa sukari. Wani zubin ya kai wa masu sarrafa sinadarin naitirojin da saiwa ta jawo daga taki, su mai da shi abin da tsiro zai gina furotin da shi. Ka ga ke nan takin da garkenka ya bari a gonar manomi lokacin rani, sai ya bi ta hannun wannan ɗan aike kafin ya zama hatsi ko harawa.

Gani ya kori ji

Sanin aikin abu daban, ganin ƙirarsa daban. Feredoksin ƙarami ne ƙwarai. Ka raba milimita ɗaya gida miliyan, faɗinsa kamar uku ne daga ciki. Babu madubin gilashi da zai nuna maka shi. Dabarar da aka bi ta faro ne daga hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda Bajamushe Röntgen ya gano a 1895. A 1912 wani Bajamushen, Max von Laue, ya nuna cewa in wannan haske ya ratsa ƙwayar kiristal, wato dutse ko gishiri mai tsararren jiki, yakan watsu ya bar ɗige-ɗige a kan farantin hoto. A 1913 uba da ɗa a Ingila, William da Lawrence Bragg, suka gano yadda za a karanta ɗigon a san inda kowace zarra take zaune. Cikin abubuwan da suka fara warwarewa har da gishirin miya, irin wanda ayari ke ɗaukowa daga Bilma.

Yadda abin yake, kamar bin sawu ne. Makiyayi na gaske ba sai ya ga dabba ba. In ya dubi ƙasa zai ce maka raƙumi ne, da kaya a bayansa, kuma yana ɗingishi da ƙafar hagu. Haka masanan nan, ba su ga zarra da ido ba, sawun da ta bari a farantin hoto suke bi da lissafi.

Sharaɗin dai shi ne a sami kiristal. Ƙwayar furotin ɗaya ba ta barin sawun da zai ganu. Sai an sa miliyoyin miliyoyi sun jeru sun fuskanci gefe guda, kamar buhunan da aka shirya a sito. Ana tace furotin tas, a riƙa janye masa ruwa a hankali da wani gishiri, a ajiye a jira. Wani ya jeru cikin kwanaki, wani a shekara bai yarda ba.

A 1934, a Kembirij, J. D. Bernal da ɗalibarsa Dorothy Crowfoot suka gano cewa kiristal na furotin sai an bar shi a jiƙe cikin ruwansa yake ba da hoto mai kyau, in ya bushe ya lalace. Wannan baiwar Allah, wadda aka fi sani da Dorothy Hodgkin, a Alƙahira aka haife ta a 1910, iyayenta sun yi zaman aiki a Sudan, kuma tana ƙasar Gana labari ya iske ta cewa ta ci kyautar Nobel a 1964. Duk da wannan dabara tasu, sai a 1958 John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko a duniya. Abokin aikinsa Max Perutz kuwa ya haura shekara 20 a kan furotin na jinin doki kafin ya ga ƙirarsa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Abin da aka gani a Japan

To, feredoksin fa? A 1973 masana a Siyatil ta Amurka sun fitar da siffar na wata ƙwayar bakteriya, amma shi ƙirarsa daban ce, ƙarfe takwas gare shi. Na tsirrai, mai aiki da hasken rana, ya ƙi ganuwa. Na alayyafo, wanda aka fi sani, bai ba da kiristal mai kyau da wuri ba. Nan ne gansakukar nan ta dihe ta yi rana. Ana samun ta da yawa, furotin ɗinta kuma ya yarda ya jeru.

Masana na jami'o'in Tottori da Osaka a Japan, cikinsu akwai Tomitake Tsukihara da Keiichi Fukuyama da Yukiteru Katsube da Hiroshi Matsubara, su suka yi aikin. A 1980 da 1981 suka bayyana siffar feredoksin na Spirulina platensis. Shi ne karon farko da aka ga ƙirar irin feredoksin da tsirrai ke amfani da shi.

Ga abin da suka gani. Furotin ɗin tsarkiya ce guda mai ƴaƴa 98, saura ɗaya ta cika carbi. Tsarkiyar ba a miƙe take ba. Wani sashe ya jeru ya yi shimfiɗa kamar tafin hannu, wani ya murɗe kamar igiya ya kwanta a cikin tafin, kamar hannu ya riƙe sanda. A can gefe guda, dab da fatar waje, ga taskar: zarrar ƙarfe biyu da zarrar farar wuta biyu, sun haɗu sun yi kusurwa huɗu. Ƴaƴan tsarkiyar guda huɗu ne ke riƙe da ƙarafan, biyu-biyu. Uku daga cikinsu maƙwabta ne a jere, na huɗun yana can nesa a tsarkiyar, naɗin ne ya kawo shi kusa.

Wannan ƙira ita ta bayyana aikin. Da taskar tana can tsakiya a binne, da miƙa kaya ya yi wuya. Da kuma a waje take tsirara, da ta lalace. Ga ta a bakin ƙofa, rabi a rufe. Ilektoron ya sauka a kan ɗaya daga cikin ƙarafan, ɗan aike ya saki inda ya karɓo, ya je ya manne da mai karɓa, ya sauke, ya koma. A fatarsa kuma akwai wurare masu cajin lantarki irin wanda ke jan kishiyarsa, abokan hulɗarsa suna da kishiyar. Shi ya sa yake gane ƙofar da zai tsaya, kuma riƙon ba ya yin ƙarfin da zai hana shi tashi. Dillalin da ya zauna a rumfa ɗaya ai ya bar dillanci.

Da aka gwada jerin ƴaƴan tsarkiyar da na tsirran tudu, sai aka ga dangi ne na kusa. Daga baya da aka fitar da siffar na wasu tsirrai, har da na alayyafon a shekarun 1990, ƙirar guda ce. Masana suna bayyana haka da cewa ƴan korayen ƙwayoyin nan na cikin ganye asalinsu daga dangin wannan gansakuka suke, tun zamani mai nisan gaske. Wato ɗan aiken da ke cikin dihe da wanda ke cikin burgu da ƙarangiya da ganyen gawo ƴan gida ɗaya ne. Shi kuwa Tsukihara bai tsaya nan ba. A tsakiyar shekarun 1990 yana cikin waɗanda suka fitar da siffar wani babban furotin da jiki ke numfashi da shi, kuma daga zuciyar shanu aka ciro shi.

Me ya shafe mu?

Na farko, malam manomi da malam makiyayi, ƙarfen nan ba ado ba ne. Tsiron da ya rasa ƙarfe a ƙasa, ko ƙasar ta yi kanwa da yawa har saiwa ta kasa jan sa, sababbin ganyensa sukan yi fari-fari ko rawaya, jijiyoyin kawai su rage kore. Layin ƴan dako ne ya yi giɓi.

Na biyu gargaɗi ne, kuma a ji shi da kyau. Ba kowane koren ruwa ne dihe ba. A cikin dangin wannan gansakuka akwai masu dafi, kuma sun fi tasowa a ruwa mai daɗi da ya kwanta lokacin zafi. Tun a 1878 wani masani, George Francis, ya rubuta yadda dabbobi suka mutu bayan sun sha daga Tafkin Alexandrina a Ostareliya, wanda irin wannan kore ya rufe. In ka iske tabki ya yi kauri kamar an zuba koren fenti, yana wari, kada ka shayar a gefen da iska ta tara shi, kuma kada wani ya ce zai kwalfa ya yi miya. Matan Kanem sun san tafkunansu ɗaya bayan ɗaya, sun san lokaci, sun san launi. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku na ƴan kasuwa ne. Abin nan da ake kasawa a faifai, a Turai da Amurka da Asiya ana sayar da irinsa a kwalba, gari ko ƙwaya, da tsada. Babban abin da ke karya darajar na gargajiya shi ne rairayin da ke maƙalewa wajen shanya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi aiki da ƙungiyoyin mata a yankin kan tacewa da ƙyalle da shanya a wuri mai tsabta. Alhaji, in ka je sari, tambayi wanda aka tace, ka biya shi kuɗinsa. In mai tacewa da marar tacewa farashinsu ɗaya, gobe ba mai wahalar tacewa.

Na huɗu shi ne ruwan kansa. A farkon shekarun 1960, dab da lokacin da Léonard ya ratsa, Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya mai da shi kusan kashi ɗaya cikin goma na haka. Dattawanmu sun ga wannan da idonsu, wasu a nan suka rasa garke. Ƙananan tafkunan dihe da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke rayuwa, wanda rijiyoyin makiyaya ma shi suke sha. In ya ja baya, mai shanu da mai dihe tare za su ji a jikinsu. Ga kuma rashin tsaro da ya rufe hanyoyi da kasuwanni da dama a kewayen tafkin cikin shekarun nan. Sana'ar da ake koya a bakin ruwa, in aka yi shekaru ba a je bakin ruwan ba, yara sukan tashi ba su iya ba.

A takardun kimiyya za ka ga sunan Dangeard da Léonard, da Hill da Arnon, da masanan Japan, kuma sun cancanta, don sun yi wahala. Sunan matan da suka fara gane cewa wannan kore abinci ne, suka raba shi da mai kisa, suka riƙe sana'ar har masana suka zo suka tarar, ba ya ciki. Mu dai a wannan fili mun ambace su. Wanda ke da kaka ko gwaggo da ta taɓa kwalfar dihe, ya zauna da ita ya tambaye ta yadda ake gane ruwan da ya nuna, da wane wata ya fi albarka, ya aiko mana ta hannun direbobin layi ko ya kira lokacin shiri, mu karanta wa jama'a.

Gaisuwa ga masu sauraronmu na mashekari da na bakin iyaka, da masu jiran takarda a duwan, da mata masu kasa kaya a rana. Allah ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.